Hoton Galatea da na saya a Roma: aikin Rafayel ne ko jabu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Italiya. Ranar Lahadin da ta wuce na shiga wata kasuwar tsoffin kaya a Roma, na ga wata tsohuwar takarda mai zanen baƙi da fari: mace a tsaye kan ƙatuwar kumba, kifaye biyu na jan ta a kan teku, yara masu fukafukai sun ɗana baka a sama. A ƙasa an rubuta Raphael da wasu kalmomin Latin. Mai kayan ya rantse mini orijina ce. Da na koma ɗaki na bincika sai na ga ashe a bangon wani gida Rafayel ya yi zanen, kuma da launi. To ta yaya takarda za ta zama orijina? An cuce ni ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka tukuna. Tambayarka biyu ce a dunƙule: shin hannun Rafayel ya taɓa wannan takarda, kuma in bai taɓa ba, ta zama jabu ke nan? Ta farko amsarta a'a, ko ban gan ta ba. Ta biyun ce mai tsawo, domin a sana'armu ta sassaƙa ƙarfe da bugawa kalmar orijina tana da wata ma'ana dabam da wadda ka sani, kuma mai yiwuwa ne mutumin ya faɗa maka gaskiya, mai yiwuwa ne kuma ya fake da kalmar. Bari mu fara da bangon.

Bangon da aka kwaikwaya

Zanen da ka kwatanta shi ne Galatea, yana cikin gidan da ake kira Villa Farnesina a unguwar Trastevere, bakin kogin Tiber. Wani attajirin ɗan banki mutumin Siena, Agostino Chigi, shi ya gina gidan, Rafayel kuma ya zana masa wannan bango wajen 1512. Galatea aljanar teku ce a tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, wadda wani ƙato mai ido ɗaya, Polyphemus, ya mace a kan sonta. Shi ƙaton yana zaune a ɓangaren bangon da ke maƙwabtaka, amma wani mai zane dabam, Sebastiano del Piombo, ya yi shi. A zauren da ke kusa kuma Rafayel da yaransa, ciki har da Giulio Romano da Giovanni mutumin Udine, suka cika silin da labarin Cupid da Psyche a 1517 zuwa 1518. Labarin nan ya fito ne daga wani marubucin ƙarni na 2, Apuleius, haifaffen wani gari da ke cikin Aljeriya ta yau. Chigi da baƙinsa Kiristoci ne, ba bauta wa waɗannan alloli suke yi ba. Sun ɗauke su a matsayin adabi da alamar wayewa.

Irin wannan zane Italiyawa ke kira affresco. Ana yaɓa farar ƙasa da yashi a bango, a shafa launi tun yaɓen yana ɗanye, in ya bushe launin ya zama jikin bangon. Saboda haka mai zane ba ya yaɓa fiye da abin da zai iya gamawa a wuni guda. Wanda ya taɓa ganin maginan Zariya ko Kano suna fitar da ado a fuskar gida kafin yaɓe ya bushe ya san irin wannan gaggawar. Abin da ya shafi tambayarka shi ne, zanen ya auri bangon. Ba ya naɗuwa, ba ya shiga jirgi. Tsayin Galatea ya kusa mita 3, kuma a gidan mutum take. Matashin mai zane da ke Antwerp ko Faris a 1550 ba shi da hanyar ganinta sai ya yi tafiyar makonni, ya kuma samu wanda zai buɗe masa ƙofa. Wannan giɓin ne masu sassaƙa suka cike.

Yadda bango ke komawa takarda

Da farko wani ya zauna gaban bangon ya kwafe shi a takarda, ya rage girmansa. Sai a ɗauko farantin jan ƙarfe da aka goge ya yi sheƙi kamar madubi. Mai sassaƙa yana da wani alƙalamin ƙarfe mai baki kamar lu'u-lu'u, ƙotarsa ta itace tana zama a tsakiyar tafin hannu. Ba ja ake yi da shi kamar biro ba, turawa ake yi, sai ka ga siririn zaren jan ƙarfe yana nannaɗowa a gaban bakin. In layin mai lanƙwasa ne, hannun da ke riƙe da alƙalamin ba ya juyawa. Farantin ake juyawa da ɗaya hannun a kan wani ɗan matashin fata mai cike da yashi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ɗalibaina wuya, kuma ni ma sai da na yi watanni ina huda yatsana na hagu kafin hannuwan biyu su yarda da juna.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi: a shafe farantin da haɗin kaki, a yi zane a kai da allura, a tsoma cikin asid ya ci wuraren da allura ta buɗe. Yawancin manyan ayyukan ƙarni na 17 da na 18 haɗa hanyoyin biyu suke yi, asid ya fara, alƙalamin ƙarfe ya ƙarasa.

Bayan nan sai tawada. Ana cusa ta cikin ramukan, a goge saman farantin da tsumma, a ƙarasa da gefen tafin hannu har ya yi fes, tawadar ta rage a cikin ramuka kaɗai. A ɗora takarda mai danshi, a rufe da bargo, a murza ta tsakanin gangunan inji masu matsi sosai. Matsin ne ke tura takardar cikin ramukan ta tsotso tawadar. In kana son ka ji sakamakon da yatsanka, shafa sabuwar takardar naira ta dubu ɗaya a wajen hotunan mutanen: wannan ɗan kaushin da kake ji tawada ce da ta tashi sama, kuma da irin wannan bugu aka yi ta.

Duk abin da aka sassaƙa yana fitowa a juye, dama ta koma hagu, kamar yadda mai yin hatimi ke rubuta sunanka a baibai. Mai sassaƙa da ya damu yakan juya zanen tun a faranti domin ya fito daidai da bangon. Wanda bai damu ba, ko wanda ke satar kwafi daga takardar wani, yakan bar shi. A bangon Farnesina kifayen dolfin ɗin suna nufar hannun damanka, ita kuma Galatea ta waiwayo tana duban sama ta hagu. Duba taka ka gani.

Fassara ce

Ga inda nake so ka tsaya. Galatea tana yafe da jan mayafi da iska ta kumbura, bayanta shuɗin teku da shuɗin sama. Mai sassaƙa ba shi da ja, ba shi da shuɗi, ba shi ma da ruwan toka. Baƙin layi ne kawai da farar takarda. Dole ya yanke shawara: jan mayafin nan duhu ne ko haske? Da wane irin layi zan nuna fatar mace ta bambanta da fatar ƙaton namijin da ke rungume da wata aljana a gefenta, su kuma su bambanta da ruwa? Na taɓa gwada sassaƙa mayafin kaɗai a ɗan faranti kamar tafin hannu. Na bi lanƙwasar tufar da layuka masu kauri, na gitta su da wasu don in samu nauyin ja. Da na buga sai ya fito kamar buhun gawayi, ya danne fuskarta gaba ɗaya. A bango jan yana da ƙarfi amma ba shi da nauyi, iska na ɗaga shi. Sai da na kankare rabin layukan na bar takarda ta yi numfashi kafin ya fara tashi. Tun daga ranar na daina kiran waɗannan mutane makwafa. Tafintoci ne, kuma kamar kowane tafinta, muryarsa tana shiga cikin saƙon.

Na farkonsu kuma mafi shahara shi ne Marcantonio Raimondi, mutumin yankin Bolonya, wanda ya zo Roma wajen 1510 ya haɗa kai da Rafayel. Rafayel ya gane tun da wuri cewa takarda za ta kai sunansa inda bango ba zai kai ba, har ya ɗora wani yaronsa, wanda ake kira Baviera, a kan kula da faranta da cinikin bugun. Raimondi ya sassaƙa Galatea 'yan shekaru bayan an gama bangon. Layukansa gajeru ne, a tsare, da ɗige-ɗige a inda inuwa ke narkewa cikin haske, jikin mutane ya fito kamar gunkin marmara. Launi bai dame shi ba, siffa yake bi. A 1592 kuma wani mutumin Holan, Hendrick Goltzius, wanda ya je Roma ya ga bangon da idonsa, ya fitar da tasa Galatea. Shi layinsa yana farawa siriri, ya kumbura a tsakiya, ya sake sirancewa, yana zagaye damtse da cinya kamar igiyar ruwa. Ajiye su biyun gefe da gefe za ka rantse ba bango ɗaya suka kalla ba. Ni dai Goltzius ya fi burge hannuna, amma Raimondi ya fi kusa da natsuwar Rafayel. Shi Goltzius yana so ka lura da shi.

Wani lokacin ma ba bangon suke bi ba. Rafayel yakan ba Raimondi zanen shiri da ya yi a takarda kafin ya hau bango. Misali mai daɗi shi ne Parnassus, wato Apollo, allan kiɗa a tatsuniyoyin Girkawa, a kan dutse tare da mata tara masu kula da waƙa da hikima, wanda ke fadar Fafaroma. A bango Apollo yana goga wani abin kiɗa mai kama da goge. A bugun Raimondi kuwa tsohon abin kiɗan Girkawa mai tsirkiya ne a hannunsa, wanda ake kaɗawa da yatsa, ga kuma yara masu fukafukai suna shawagi a sama, alhali babu su a bangon. Ba kuskure ba ne. Tunanin Rafayel na farko ne takardar ta adana mana. Akwai kuma inda ɗan kasuwa ke sa hannu. A 1550 Giorgio Ghisi ya sassaƙa babban zanen Rafayel na masana falsafar Girka, wanda ake kira Makarantar Atina, Hieronymus Cock ya buga shi a Antwerp, aka rubuta a jikinsa cewa Bulus ne ke wa'azi a Atina. Zanen bai canja ba, an dai ba shi sunan da masu saye za su fi karɓa.

Ba maza kaɗai ba ne. Diana Scultori 'yar Mantuwa ta tashi a garin da Giulio Romano ya cika fadar Palazzo Te da tatsuniyoyi, ta koyi sana'ar a wurin mahaifinta, kuma a 1575 Fafaroma Gregory na 13 ya ba ta izinin sayar da bugunta da sunanta tare da hana a kwafe mata. A wannan shekarar ta fitar da shirin walimar auren Cupid da Psyche daga bangon Mantuwa, a kan faranta uku da ake haɗa takardunsu su zama doguwa guda. Daga baya jerin ayyuka suka yawaita: Carlo Cesio ya kwafe silin da mai zane Carracci ya yi a wata fadar Roma dabam, ta Farnese, a 1657, Bafaranshe Nicolas Dorigny ya fitar da na Farnesina a 1693, har da tasa Galatea. Don haka taka tana iya zama ta kowane daga cikin mutane da dama.

Akwai wuraren da takardar ce kaɗai ta rage. A fadar Fontainebleau ta sarakunan Faransa, mai zane ɗan Italiya Primaticcio ya tsara dogon zaure mai ɗauke da labarin tafiye-tafiyen Ulysses, jarumin tatsuniyoyin Girkawa. An rushe zauren a ƙarshen shekarun 1730. Yawancin abin da muka sani game da jerin hotunan jikin bangonsa yana zuwa ne daga bugu 58 da Theodoor van Thulden ya fitar a 1633. Haka zane-zanen da Polidoro mutumin garin Caravaggio ya yi a fuskokin gidajen Roma, ruwan sama da rana sun cinye mafi yawansu, sai a takarda ake karanta su sosai. Duk sanda na riƙe irin waɗannan sai jikina ya yi sanyi: katanga mai kaurin kamu biyu ta tafi, takardar da yaro zai iya yagawa ta zauna.

To wacce ce a hannunka?

A wurinmu bugu orijina ne in daga ainihin farantin da mai sassaƙa ya yanka aka ciro shi. Amma wannan bai ƙare magana ba, domin faranti yana daɗewa fiye da mai shi. Jan ƙarfe yana da taushi, kowane bugu yana ɗan cinye shi. Bugun farko-farko baƙinsu mai zurfi ne, siraran layuka duk sun fito. In an daɗe ana bugawa sai siraran su ɓace, hoton ya koɗe, wani ya zo ya sake bin layukan da hannun da bai kai na farko ba. Farantan Raimondi da yawa sun faɗa hannun ɗan kasuwar bugu Antonio Salamanca, wasu suka bi ta hannun 'yan kasuwa har zuwa gidan De Rossi. A 1738 Fafaroma Clement na 12 ya sayi tarin farantan De Rossi, aka kafa ma'aikatar Calcografia, wadda ta ci gaba da bugawa daga tsoffin faranta. Tarin yana nan a Roma kusa da maɓuɓɓugar Trevi. Ka ga ke nan takarda tana iya fitowa daga farantin 1693 amma a buga ta bayan shekara ɗari biyu. Ba jabu ba ce, amma darajarta ba ta kusa da ta bugun farko.

Fara da rubutun ƙasa. Sunan da ke tare da pinxit shi ne wanda ya yi zanen launi, invenit wanda ya ƙirƙiro tsarin, delineavit wanda ya kwafe shi a takarda. Sculpsit ko fecit shi ne mai sassaƙa, kuma shi ne ainihin mai aikin da ka saya. Excudit ko formis mai bugawa ne da sayarwa. Sau da yawa a taƙaice suke, kamar pinx. da sculp. da exc. In ka ga alamar an kankare wani suna an rubuta wani a kai, farantin ya canja hannu, bugun na baya ne.

Sai ka shafa gefen hoton a hankali da yatsa mai tsabta. Ya kamata ka ji ɗan zurfi mai kusurwa huɗu inda bakin farantin ya danne takarda. Rashinsa ba hujja ba ce, domin mutanen da sukan datse gefen su manna a kundi. Samunsa ma ba hujja ba ce, ana iya danna shi da gangan. Abin da ba ya ƙarya shi ne layin. Samu madubin ƙara girma, ko kyamarar wayarka, ka haska fitila daga gefe. Layin alƙalamin ƙarfe yana da tsini a farko da ƙarshe, gefensa tsaf, tawadar ta tashi sama. Na asid bakinsa a dakushe yake, yana ɗan rawa kamar rubutun hannu. In kuwa ka ga ɗige-ɗige a jere kamar raga, ko feshin ƙananan launuka, injin zamani ne, magana ta ƙare. Mai wuyar ganewa shi ne na ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka iya ɗaukar hoton tsohon bugu a mai da shi sabon faranti. Gidan Amand-Durand na Faris ya yi irin waɗannan da kyau ƙwarai, har da tawada mai tashi, kuma sukan sa ɗan jan hatimi a bayan takardar. Juya taka ka duba.

Daga nan ɗaga ta ga hasken taga. Tsohuwar takardar hannu, wadda aka yi da tsummoki, tana nuna siraran layuka a matse, da wasu masu tazara kamar faɗin yatsa biyu da suka gitta su, wani lokaci da tambarin masana'anta a ciki. Takarda mai santsi marar waɗannan layuka ba ta fara fitowa ba sai a shekarun 1750, saboda haka in taka irin wannan ce, ba a zamanin Raimondi ko Goltzius aka buga ta ba, ko da farantin nasu ne. A ƙarshe auna tsawo da faɗin hoton da milimita, ka kwatanta da na gidajen tarihi. British Museum da Rijksmuseum sun sa tarin bugunsu a intanet da ma'auni da hotuna masu kyau. Kwafi kusan kullum yana saɓawa da 'yan milimita, ko ka ga gajimare ko igiyar ruwa da ba su zo daidai ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, yawancin abin da ke yawo a kasuwannin Lahadi bugun baya ne ko na ƙarni na 19, sannan na injin zamani da aka jiƙa da shayi don ya tsufa. Samun bugun farko na Raimondi a can abu ne mai wuya sosai. Amma hukunci na gaskiya sai an riƙe takardar a hannu, ni kuma daga nan ba zan iya ba. Kuɗinta ma ba fannina ba ne, na dillalai ne, kamar yadda hukuncin rataye hoton surar mutum a ɗaki na malaman addini ne. Su za ka tambaya.

Kafin ka san ko mene ne, riƙe ta kamar mai daraja. Kada ka sa mata salatif ko gam, kada ka goge tabo da ruwa, kada ka bar ta a rana. Kuma don Allah kada ka kai ta a yi mata laminatin kamar takardar shaidar makaranta. An taɓa kawo mini wani tsohon bugu da mai shi ya kai wani shago aka rufe da leda mai zafi don gudun ƙura; zafin ya kwantar da tawadar, gam ya shige cikin zaren takardar, ba abin da na iya yi masa. Sa taka a kwance tsakanin takardu biyu marasa asid. In za ka dawo da ita gida, danshin damina da gara da kyankyaso su ne abokan gaba, sai a akwati mai rufi nesa da ƙasa da bango. Ka kuma sani Italiya tana da doka kan fitar da tsoffin kayan fasaha, don haka in ta tabbata tsohuwa ce, nemi bayani a ofishin da ke ba da izinin fitarwa kafin ka sa ta a jaka.

Tunda kana ƙasar, ɗauki hotonta a waya ka tafi Farnesina, ana shiga da tikiti. Tsaya gaban bangon ka ƙirga yaran da ke sama: uku ne suka ɗana baka, na huɗu ya leƙo daga cikin gajimare ta hagu da damin kibau a hannu. Duba ko mai sassaƙarka ya sa shi, ka kuma duba abin da ya yi da jan mayafin. Sannan ka turo mini hoton rubutun ƙasa, da na bayan takardar, da wanda ka ɗauka a hasken taga, da ma'aunin, mu ga ko za mu gano sunansa.